Zuwa ga ɗana, kan fushin da ya taso maka

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mamanka ta faɗa mini abin da ya faru a wurin aikinku: leburori wata uku ba a biya su ba, ka je gaban maigidan ka ɗaga murya har ka buga tebur, yanzu kuma zuciyarka tana damunka, kana tambaya ko Kirista ya kamata ya yi fushi sam.

Bari in fara da abin da ya faranta mini rai. Ka ga ana cin gumin talaka, cikinka ya yi zafi. Da ka gani ka wuce kamar ba komai, da wasiƙar nan ta fi haka nauyi. Mun daɗe a coci muna koya wa samarinmu haƙuri har wasu suka ɗauka Kirista nagari shi ne wanda ba ya tanka komai. Sau da yawa tsoro ne muke sa wa rigar haƙuri. Ni ma na sa ta. Shekarun baya, dangin miji suka ƙwace gonar wata gwauruwa a ƙauyenmu, ina dattijo a ikkilisiya na yi shiru don kada a ce na raba zumunci. Har yau in na tuna fuskar matar nan kunya ce ke rufe ni.

Buɗe Markus 3. Ran Asabar, cikin majami'a, ga mutum mai shanyayyen hannu, ga masu zuba ido su ga ko Yesu zai warkar da shi su samu abin ƙara. Aya ta 5 ta ce ya dube su da fushi, yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu. To me fushin ya haifar? Hannun mutumin ya miƙe. Amma ranar da aka tofa masa miyau, aka mare shi, bai rama ba. Da Bitrus ya zaro takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, cewa Yesu ya yi ya mayar da takobin kube. Sai ka tambayi kanka tsakani da Allah: zafin nan, na leburorin ne, ko kuwa don maigidan ya raina ka a gaban mutane? Biyun sukan gauraya, kai kaɗai ka san wanda ya fi yawa.

Wanda nake so ka zauna da shi makon nan shi ne Nehemiya, sura ta 5. Ana tsakiyar ginin garun Urushalima, talakawa suka kawo kuka: sun jinginar da gonakinsu saboda yunwa da haraji, har 'ya'yansu na shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya ya husata ƙwarai. Amma kafin ya buɗe baki sai da ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya tsawata wa manyan, ya tara jama'a, ya sa suka rantse a gaban firistoci za su mayar da gonaki da gidaje. Buga teburinka bai sa ko naira ɗaya a aljihun kowa ba. Koma ka rubuta sunayen mutanen da abin da kowa ke bi, ka ɗauki mutum biyu masu hankali ku je tare, ka nemi gafarar tsawar da ka yi, amma kada ka janye maganar ko da taƙi ɗaya. Maimaitawar Shari'a 24 ta ce a biya ma'aikaci ladansa kafin rana ta faɗi. Bulus kuma ya gaya wa Afisawa kada rana ta faɗi suna cikin fushi. Na maigidan ne na farko, na biyun naka ne.

Abu ɗaya kuma, na ji a ranar ka shiga gida kana yi wa matarka da yara faɗa. Wannan haushin kaza ne, huce kan dami. Ba su ci kuɗin kowa ba. Ka ba ta haƙuri a gaban yaran, su gani da idonsu.

Idan aikin ya tafi saboda wannan magana, akwai masara a rumbu, ku zo. Ka kira ni bayan kun gana da maigidan. Mamanka tana gaishe ku, a shafa mini kan jikokina.

Ni ne,
Babanka