Kan Sauya Salansa da Taɓa Kwamfutar Manyan Baburan Tafiya a Kano

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin masu manyan babura a birnin Kano, wato cire salansar da kamfani ya haɗo babur da ita a ɗaura wata mai ƙara, wani lokaci kuma a taɓa kwamfutar da ke sarrafa injin da sunan ƙara masa ƙarfi. Ni mai son waɗannan babura ne, ina kuma hawan irinsu, saboda haka ba na cikin masu kiran a hana su. Abin da ke damuna shi ne mafi yawan wannan gyara da ake yi a garin nan rabin aiki ne, kuma rabin aikin yana cutar da injin, yana cutar da aljihun mai babur, yana kuma hana maƙwabta barci.

Baburan da nake nufi su ne waɗanda aka ƙera domin doguwar tafiya cikin sauri, kamar Yamaha FJR1300 da Honda VFR800 da Kawasaki Ninja 1000SX da Suzuki GSX-S1000GT, waɗanda akasari suke shigo mana a matsayin kayan Beljiyam. Mu ɗauki FJR1300, wanda ya fara fitowa a 2001: girman injinsa ya kai cc 1,298, ƙarfinsa ya haura na doki 140, nauyinsa ya kusa kilo 290, tankinsa kuma yana ɗaukar lita 25. Babur ne da aka yi shi domin mutum ya ɗaura akwatuna biyu a gefe, ya tashi daga Kano ya bi ta Zariya da Kaduna har Abuja, ko ya ratsa dajin Falgore ya haura Jos, ya sauka bai galabaita ba. A irin wannan tafiya, abin da mahayi yake buƙata shi ne ja mai kyau a matsakaicin juyin inji, lokacin da zai wuce tirela yana cikin giya ta sama. Ƙarfin da ke can ƙurewar mita, wanda 'yan tsere ke nema, da wuya ya taɓa amfani da shi a titunanmu.

A nan ne kuskuren farko yake shigowa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa salansa toshiya ce kawai, idan aka buɗe ta sai inji ya sami numfashi ya ƙara gudu. Al'amarin ya fi haka zurfi. Duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, wani bugun iska yana tafiya cikin bututu ya dawo, kuma injiniyoyi suna lissafa tsawon bututun da faɗinsa yadda dawowar bugun za ta taimaka wajen zuƙe ragowar hayaƙi daga cikin silinda a daidai juyin da aka fi amfani da shi. Saboda wannan ne kamfanin Yamaha ya fito da bawul ɗin EXUP a cikin bututun hayaƙi tun ƙarshen shekarun 1980, sauran kamfanoni kuma suka yi nasu irinsa. Idan mai walda ya yanke wannan tsari ya jona bututu mai faɗi da ya ga dama, abin da aka fi samu shi ne jan tsakiya ya ragu, wato an rasa ainihin abin da aka sayi babur ɗin dominsa. Mahayi yana jin rugugi a bayansa sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali da za a auna, da an ga akasin haka. Ko salansa ta gaske daga kamfanoni masu suna, irin su Akrapovič na ƙasar Sulobeniya ko Yoshimura na Japan, idan tukunyar baya kaɗai aka sauya, ƙarin da take bayarwa bai wuce doki kaɗan ba, sai ragin 'yan kilo a kan babur mai nauyin kusan kilo ɗari uku.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Injin fetur yana ƙona cakuɗen iska da mai, kuma ma'aunin da mai yake ƙonewa ƙurmus shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, a nauyi. Lokacin da aka murɗa totur sosai, injin yana son mai ya ɗan fi haka yawa, wajen kashi 13 ga ɗaya, domin ƙarin man yana ba da ƙarfi yana kuma rage zafin ƙuna. Kwamfutar babur, wadda makanikai ke ce wa birenbos, tana da jadawalin da kamfani ya rubuta mata bisa salansar asali da matatar iska ta asali. Akwai na'ura a jikin bututun hayaƙi da ke sanar da ita yawan iskar da ta rage, amma a yawancin babura gyaran da take yi da wannan bayani yana aiki ne a tafiyar hankali kawai. Da zarar an buɗe wuta, jadawalin nan ta koma bi ido rufe. To, idan aka cire bututu gaba ɗaya, aka fasa abin tace hayaƙin da ake kira indomi, aka kuma sa matatar iska mai sakin iska da yawa, iska ta ƙaru ke nan amma mai yana nan yadda yake. Cakuɗen ya tsinke, ƙuna ta yi zafi fiye da kima, kuma bawul ɗin hayaƙi da kan fistin su ne suke shan wahalar a hankali, ba tare da wata fitila ta kama a gaban mahayi ba.

Wanda ya yi wannan a ƙasa mai sanyi yana iya daɗewa bai ga illa ba. Kano ba haka take ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ga cunkoson Bata da Kantin Kwari da Ƙofar Wambai inda babur zai tsaya cik fankar lagireto tana ta aiki, ga kuma ƙurar hunturu wadda matatar iska ta tsere ba ta tare ta kamar yadda ta takarda take yi, musamman idan ba a wanke ta ana shafa mata mai a kan kari. Sai batun mai. Ba mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka yi fama da shi a ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ba, kuma duk mai doguwar tafiya ya san akwai ranar da dole ta sa ya sha man 'yan bumburutu a bakin hanya. Jadawalin da wasu ke saukewa daga intanet su ɗora wa kwamfutar babur, an rubuta shi ne domin fetur mai lambar inganci ta okten 95 ko 98 da ake sayarwa a Turai, kuma sau da yawa yana gaggauta lokacin tartsatsin fulogi. Idan wannan ya haɗu da mai marar inganci da zafin bazara, sai injin ya fara ƙwanƙwasa daga ciki, ƙarar salansa kuma ta hana mahayi jin ƙwanƙwasar har sai ɓarna ta auku. Kayan cikin irin wannan inji ba a tsintarsu a kowane shago a Ƙofar Ruwa, sai an yi oda an jira, da kuɗin waje.

Ba ina cewa gyaran kwamfuta haramun ba ne. Idan an yi shi yadda ya kamata yana da amfani na gaske, domin yana gyara fizgar da wasu babura ke yi a ƙaramin totur, yana kuma daidaita mai da sabon bututu. Amma yadda ya kamata ɗin yana nufin a ɗora babur a kan na'urar daino wadda ke auna ƙarfin tayar baya, a sa ma'aunin cakuɗe a bututu, a bi juyin inji mataki mataki ana gyara jadawali, ko dai a cikin kwamfutar kanta ko ta ƙaramin akwati irin Power Commander na kamfanin Dynojet. Kafin a taɓa komai kuma sai an kwafe jadawalin asali an ajiye wa mai babur. Duk makanikin da ya ce zai saita allurar mai da kunne, kamar yadda ake saita kafiretan Jincheng, to ya faɗi abin da ba zai yiwu ba, ko da kuwa gwani ne a sauran aikinsa. Ina ganin a nan akwai sana'a da matasanmu masu karatun injiniya da na kwalejojin fasaha za su iya kamawa, domin motocin zamani ma duk sun koma kan wannan tsari.

Akwai kuma jabun kaya. Salansa da yawa da ake gani da tambarin manyan kamfanoni, tambarin kaɗai ne nasu. Ƙarfen siriri ne, audugar gilashin da ke cikinta tana ƙonewa cikin ɗan lokaci, daga nan sai ta zama bututu fanko, kuma tun da ba a auna ta da babur ɗin ba, takan hura zafi kai tsaye a ƙasan akwatin kaya har roba ta narke. Indomin da aka fasa kuwa yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake samun mai saye nan take. Ya kamata mai babur ya tambayi kansa ko shawarar a cire shi domin amfaninsa aka ba shi. Abin da aka cire ɗin shi ne ke rage gubar hayaƙin da masu tafiya a ƙasa da masu talla a bakin titi suke shaƙa.

Game da ƙara, hujjar da na fi ji ita ce wai salansa mai ruri tana sa direbobi su san babur na tafe. Ban yarda da wannan hujja ba. Bakin salansa baya yake kallo, haɗarin kuma daga gaba yake zuwa, daga mai Adaidaita Sahu da zai yi kwana ba sigina ko mai mota da ya ɗaga gilashi ya kunna sanyi. Wanda ƙarar take isa gare shi sosai shi ne jaririn da ke barci a gidan bakin titi, da marar lafiya a gadon asibiti, da masu sallar asuba. Shi kansa mahayin bai tsira ba. Masana lafiyar ji sun sa iyakar ƙarfin ƙara a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage wannan lokaci da rabi. Iskar da ke kaɗawa cikin hular kwano a gudun kilomita 100 ta riga ta wuce wannan iyaka, ballantana a ƙara mata gunjin buɗaɗɗiyar salansa daga Kano har Kaduna. Salansa ta gaske tana zuwa da wani ɗan toshi a bakinta mai rage ƙara, kuma abin takaici shi ne shi ake fara kwancewa tun kafin a bar shago.

Ina kira ga 'yan uwana mahaya su tuna cewa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a kan babur a cikin birni, dokar kuma ta hau kan mai laifi da marar laifi. Dalilin wancan lokaci tsaro ne, amma ya nuna cewa idan hukuma ta tashi ɗaukar mataki a kan babura ba ta tsayawa tantancewa. Idan koke ya yi yawa a kan masu tayar da unguwa da tsakar dare da masu wasa da babur a wajen biki, matafiyin da bai taɓa damun kowa ba shi ma zai shiga ciki. Ƙungiyoyin mahaya suna iya sa wa kansu ƙa'ida tun yanzu, cewa ba za a fita ayari da babur da aka kwance wa toshin salansa ba.

Ga hukumomi kuma, doka tana nan, domin hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009. Abin da nake roƙo shi ne idan KAROTA da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC za su shiga wannan batu, su shiga da na'urar auna ƙara a hannu, da adadin da aka sanar wa kowa a rediyo, da tazarar da za a tsaya a auna, yadda mai salansa ta gaske da toshinta a ciki zai wuce abinsa, wanda ya haura iyaka kuma a ba shi wa'adin mayar da ta asali kafin a kai ga tara. Kama babur saboda girmansa ko saboda kunnen jami'i ya ce ya yi ƙara zai buɗe ƙofar rigima da karɓar na goro ne kawai.

Wanda yake da kuɗin kashewa a kan babur ɗin tafiyarsa, shawarata ita ce ya fara da tayoyi masu kyau waɗanda shekarun ƙirarsu ba su tsufa ba, da sabon man birki, da gyaran shokozoba yadda za ta ɗauki nauyinsa da na kayansa a ramukan hanyoyinmu, da duba tazarar bawul a lokacin da littafin babur ya ce. Idan bayan wannan har yanzu yana son sauya salansa, ya sayi ta gaske wadda aka ƙera domin samfurin babur ɗinsa, ya bar indomi da toshi a wurinsu, ya kuma adana ta asali a gida, domin ranar da zai sayar da babur ɗin mai saye da ya san kan abin zai tambaye ta.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mahayi mai karanta jaridarku,
daga Tarauni, Kano.