Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Gombe Kan Baƙinmu 'Yan Gudun Hijira

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III,
Ta hannun Mai Girma Hakiminmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa magajin Modibbo Buba Yero lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu dattawa, limamai da iyaye mata na unguwarmu da ke bakin hanyar Biu, tare da baƙinmu 'yan Borno da Yobe, mun kawo kukanmu fada, domin mun buga ƙofofi da dama ba a buɗe ba.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tuna maka shekarar 2014 ba. A watan Mayun shekarar aka kashe Sarkin Gwoza, Alhaji Idrissa Timta, yana kan hanyar zuwa Gombe jana'izar mahaifinka, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Kafin damina ta fita, Damboa da Gwoza da Bama sun faɗa hannun 'yan Boko Haram. Motoci suka riƙa sauke mutane a tasha, wasu ko takalmi babu. Ba mu jira a kafa musu tanti ba. Mai zaure ya ba da zaure, mai kango ya ba da kango, malamin allo ya kwashe almajiransa zuwa rumfa ya bar wa mata ɗaki. Yau jaririn da aka goyo ya isa aike kasuwa, har auratayya mun yi da su.

To, wannan karamcin ne ya zame musu asara. Agaji sansani yake bi, su kuwa suna cikin gidajenmu. Tsarin jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya a arewa maso gabas ya fi karkata ga jihohi uku, Borno, Adamawa da Yobe. Wanda ya tsallako Gombe ya shige cikin jama'a, kamar ya fita daga lissafi ne.

Ba mu zo kushe ma'aikatan agaji ba. Mun san abin da ya faru a garin Rann na jihar Borno a watan Maris na 2018, inda aka kashe uku daga cikinsu, aka sace ungozomomi biyu na Red Cross, daga baya aka kashe su. Wanda ya ɗauki ransa ya shiga irin wannan wuri don ya auna hannun yaro mai tamowa, addu'a ya cancanta. Mun kuma ji a rediyo cewa kuɗi sun janye tun da Amurka ta zaftare tallafinta a farkon 2025, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yulin shekarar cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa sama da 150 a Borno da Yobe na iya rufewa. Idan tukunyar can ta huce, ina mutane za su nufa? Wajen 'yan uwansu da ke gidajenmu. Sun kuwa fara zuwa.

Akwai wata baiwar Allah a cikinmu, 'yar Gwoza, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu. Sau uku ana rubuta sunanta. Katin farko yana nan a ƙulle cikin leda a ƙasan kwallarta, rubutun ya goge sai hoton. Duk sanda aka ce masu rajista sun zo, sai ta bar wankau ɗin da take ci da shi, ta wuni a layi cikin rana, a ɗauki hotonta, a dangwala yatsanta. Ko gwangwanin shinkafa ba ta taɓa gani ba. Ran nan ta ce wa limaminmu, ita dai in ba za a ba ta ba, a daina kiran ta, don wunin layi tuwon dare yake ci.

Rabon ƙarshe da muka samu labari, da daddare aka yi shi a wani gida mai ƙofar ƙarfe. Washegari muka ga buhunan da tambarinsu a bayan Keke NAPEP. Abincin tamowa na gyaɗa, wanda aka rubuta a jikin ledarsa ba na sayarwa ba ne, a kan tebur ake ƙirga shi a kasuwa. Ba mu ambaci sunan kowa a takarda ba, amma idan fada ta kira mu za mu yi bayani.

Abin da muke roƙo, Allah ya taimake ka, shi ne a umarci masu unguwanni su ƙirga baƙin nan gida-gida tare da limamai da wakilai daga cikin baƙin kansu, har da mata, domin mace ta fi sanin tukunyar da ba a ɗora ba. Wannan lissafin muke fata fada ta miƙa wa hukumomin agajin gaggawa na ƙasa da na jiha, wato NEMA da SEMA, da duk ƙungiyar da ta shigo da sunan agaji. Duk rabon da za a yi kuma, a yi shi da rana tsaka a ƙofar Hakimi, ana kiran suna kowa yana ji.

Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki dagatai su ba su aron gona. Yawancinsu manoma ne, sun fi son fartanya da layin karɓar buhu.

Sai batun komawa gida. Babu wanda ba ya marmarin garinsu, amma mun ga wanda ya koma ya sake dawowa da rabin iyalinsa, kuma ba mu manta da bama-baman da suka tashi a Gwoza a watan Yunin 2024 ba, har a wajen biki. Kada a matsa wa kowa ya tafi da sunan an rufe rajista.

Mun riga mun fara rubuta sunayen gidajen da ke da baƙi a wani littafi, yana hannun limamin masallacin Juma'armu. Duk ranar da fada ta nema, za mu kawo shi da kanmu.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawan unguwa, limamai, iyaye mata da wakilan baƙinmu.