Zuwa ga Ɗana a Unguwar Nima ta Accra, kan Ciwon Bayan da Ya Ƙi Tafiya

Zangon Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mahaifiyarka ce ta matsa mini in rubuta, domin tun da ka zo babbar salla ta ga sai ka dafa bango kafin ka miƙe daga tabarma, hankalinta bai kwanta ba. Ni kuwa wani abu dabam na gani. Ranar da hadari ya haɗo da la'asar, da aka yi tsawar farko, kafaɗunka suka ɗage har kusa da kunnuwa, ka cije haƙora, kana yi mini magana amma numfashinka ya tsaya a ƙirji. Kai kanka ba ka san ka yi ba.

Ka ce an ɗauki hoton bayanka sau biyu ba a ga karaya ko gocewar ƙashi ba, har abokan sana'arka na gyaran waya suna cewa raki ne. Ba raki ba ne. Ciwon da ya wuce wata 3 likitoci suna ɗaukarsa cuta mai zaman kanta, naka kuwa ya shekara da shekaru, kuma na san mafarinsa: daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka rasu. Ka tsaya cikin ruwa har ƙirji kana jin ihun mutane, bayan kwana biyu ka buɗe shago, mu kuma muka yaba da jarumtarka, ba wanda ya tambaye ka abin da ya rage a jikinka. Wannan sakacin da ni a ciki.

Ƙanwarka da ke aikin jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Idan firgici ya zo, jiki yakan ɗaure kansa domin gudu ko kare kai: wuya, kafaɗu, muƙamuƙi, da wata tsoka mai zurfi da ta haɗa ƙashin baya na ƙasa da cinya. In hatsari ya wuce ya kamata ya saki, amma a wasu mutane ba ya saki, sai jijiyoyi su zauna cikin shiri, abu kaɗan su kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ciwo ko da raunin ya daɗe da warkewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wani Ba'amurke, Peter Levine, ya gina hanyar jinyarsa a kan lura da cewa dabbar da ta kuɓuta daga mai farautarta takan yi karkarwa kafin ta koma kiwo. Na yarda da wannan, don na sha ganin akuyar da ta tsira daga kare tana ɓari a gindin bango, jim kaɗan kuma ta kama cin dusarta. Mu maza an koya mana danne wannan ɓarin saboda kunya.

Akwai kuma atisayen da David Berceli ya tsara bayan ya yi aiki a ƙasashen da ake yaƙi. Mutum yakan fara gajiyar da ƙafafunsa, ya jingina bayansa da bango kamar yana zaune a kujerar da babu ita, sannan ya kwanta rigingine, ya haɗa tafin ƙafafu, gwiwoyi a buɗe, ya riƙa matso da su a hankali har cinyoyi su fara rawa da kansu. Idan yana so ta tsaya, sai ya miƙe ƙafafu. Ka sanar da maiɗakinka tun da wuri, kada ta gan ka kana karkarwa ta ɗauka iska ce ta ruga kiran malam. Sai dai kada ka fara shi kai kaɗai daga bidiyon waya. Ka nemi wanda ya koya ya tsaya a kanka, ka fara da mintoci kaɗan, kuma idan abin da ka gani a daren nan ya taso maka har zuciya ta fara bugu, ka dakata, ka buɗe ido, ka taka ƙasa da ƙafarka. Binciken da aka yi a kan wannan hanya bai yi yawa ba tukuna, don haka ka riƙe ta a matsayin taimako, ba madadin asibiti ba.

Yanzu maganar da ta fi yi mini nauyi. Na ga fakitin tramadol a aljihun rigarka da mahaifiyarka ta ɗauko za ta wanke. Ban faɗa mata ko mene ne ba. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta ƙarfafa motsa jiki, gashin ƙashi, da tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, ta kuma ja kunne a kan irin waɗannan ƙwayoyi masu kama jiki. Kada ka yanke shi dare ɗaya, domin hakan ma yana da illa. Ka gaya wa likita gaskiyar yawan da kake sha, ya rage maka sannu a hankali. Idan kuwa ka ji ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kufce maka, ko zazzaɓi da rama sun biyo ciwon, wannan ba na atisaye ba ne, ka tafi asibiti a ranar.

Kafin nan, ka riƙa tashi daga bencin shago kowane rabin awa ka taka. Bayan sallar asuba ka zauna ka ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. A ruku'u da sujada ka natsu har kowace gaɓa ta koma mazauninta, kamar yadda aka koya maka a makarantar allo.

Ƙanwarka za ta zo Accra ƙarshen wata, ta raka ka sashen gashin ƙashi na asibitin Korle Bu. Idan kun fito ka kira ni. In kuma kana so ka ba ni labarin daren nan tun daga farko, zan saurara, ba zan katse ka ba. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mahaifinka.