Mai duba gida ya guji taya gidan da aka biya shi ya duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi tsokaci kan wata matsala da ta shafi sana'armu, wato duba lafiyar gida kafin a saya. Ana yawan tambaya ko ya halatta mai duba gida ya sayi gidan da aka ɗauke shi ya duba. Amsarmu ita ce bai halatta ba matuƙar wanda ya ɗauke shi aikin yana cikin cinikin.

Dalilin yana cikin yadda aikin yake. Mai duba gida yakan yi awa 2 zuwa 4 yana zagayawa: rufi, harsashi, bango, wayoyin lantarki, bututun ruwa, magudana. Ba ya fasa bango, abin da ido da 'yan na'urorinsa suka kai gare shi kawai yake rubutawa. Mai saye kuwa da rahoton yake yanke shawara, ko ya biya, ko ya nemi ragi, ko ya janye.

To, a nan ɓarnar take shigowa, kuma ba sai an yi ƙarya ba. Ɗauki tsagewar bango. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, yawanci shafe ne ya bushe ya ja, gyaranta ba wani abu ba ne. Wadda ta wuce milimita 5, ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko tana bin layin bulo kamar matakala, ita ce ake kiran injiniya a kanta don harsashi na iya motsawa. Mai duba da ya ƙyalla ido a gidan zai iya rubuta "akwai tsagewa a bango, ana bukatar binciken harsashi" a kan ƙaramar tsagewar, bai faɗi faɗinta ba, bai sa hoto da ma'auni a gefe ba. Haka danshi: katako da na'ura ta nuna ya haura kashi 20 cikin 100 yana cikin haɗarin ruɓewa, amma awo ɗaya kusa da taga bayan ruwan sama ba hujja ba ce a kan rufin gaba ɗaya. Mai saye ya tsorata ya janye, mai gida ya ji an kushe masa kaya ya sassauta farashi, sai ga mai duba ya dawo da tayi. Mutum biyu ya cuta da takarda ɗaya.

Ƙungiyar masu duba gidaje ta Amurka, ASHI, wadda aka kafa a 1976, ta hana mambobinta karɓar kuɗin duba gidan da suke da wata moriyar kuɗi a cikinsa, ko suke sa ran samu. Ta kuma hana su karɓar aikin gyaran abin da suka duba har sai shekara guda ta cika, haka ma InterNACHI, wata ƙungiyar masu duba gidaje, ta sa wata 12. Hikimar ɗaya ce: wanda zai ci riba daga aibin da ya nuna, ba a amince wa idonsa.

Mai duba da yake son gida tun kafin a kira shi, ya ƙi aikin, ya tura wani. Idan sha'awar ta zo yana cikin dubawa (ɗan Adam ne, yana faruwa), ya kammala rahoton yadda gidan yake, da hotuna da awo, ya miƙa, ya ja bakinsa. Sai mai sayen ya janye don kansa sannan zai iya motsi, kuma ya nemi shaidar janyewar a rubuce. Daga nan ya sanar da mai gida da dillali a takarda cewa shi ne ya duba gidan a baya. Rahoton farko amanar wanda ya biya ne, ba a ɗauke shi a yi ciniki da shi sai da izininsa. Ya ɗauko wani mai duba da ba su haɗa kamfani ba, ya biya shi. Saye da sunan mata, ƙane ko kamfanin da yake da hannun jari a ciki bai canza komai ba, ya ma ƙara muni don ɓoyewa ta shigo.

Masu saye kuma, kafin ku sa hannu a yarjejeniyar aikin, ku tambayi mai duba ko yana saye da sayar da gidaje, da kuma ko akwai la'ada tsakaninsa da dillalin. A rubuta cewa ladansa ba ya rataya a kan faɗuwar ciniki ko ɓacinsa. Duk aibin da ya kai a janye saboda shi, ku nemi hotonsa da awonsa, ku kai wa injiniya ya sake dubawa kafin ku saki gidan.

Naku,
Wasu masu duba gine-gine