Su dubu bakwai ɗin nan

Abokina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya iyali, ya baƙunta? Saƙonka ya iso, na kuma ga inda ka ce ran Lahadi ko benci biyu ba kwa cikawa a majami'arku, har kana ji kamar kai kaɗai ka rage. To, ai annabi Iliya ya riga ka faɗin haka.

Duba 1 Sarakuna 19. Bai daɗe da kunyata annabawan gunkin Ba'al 450 a Dutsen Karmel ba, Yezebel, matar sarki Ahab, ta aika masa cewa gobe war haka sai ta ga bayansa. Sai ya ranta a na kare. Kwana 40 yana tafiya har Dutsen Horeb, ya shige kogo yana kukan cewa an rushe bagadai, an kashe annabawa, saura shi. Allah ya ce masa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, Obadiya, wakilin fadar Ahab, ya riga ya gaya masa baki da baki cewa ya ɓoye annabawa 100 a kogo, hamsin-hamsin, yana kai musu abinci da ruwa. Iliya ya ji da kunnensa. Amma da gajiya da tsoro suka haɗu masa, ko ɗaya daga cikinsu bai sa a lissafi ba.

Manzo Bulus ya ɗauko labarin a Romawa 11:4, inda yake amsa tambayar ko Allah ya yi watsi da jama'arsa Isra'ila. A Helenanci adadin nan kalma ɗaya ce doguwa, heptakischilioi, wato dubu sau bakwai, kuma nan kaɗai ta fito a Sabon Alkawari. Daga nan Bulus ya ce a zamaninsa ma akwai ringi, ragowar da aka zaɓa ta wurin alheri, ba don ayyukansu ba.

Nan ne nake so ka yi hattara. Na sha jin masu wa'azi suna karanta ayar kamar su ne dubu bakwan, sauran masu bi duk sun ɓata. Ni ban yarda ba. Allah ne ya ce ya keɓe su wa kansa, ko sunan mutum ɗaya ba a ba Iliya ba. Kuma ba a bar shi a kogon ba: cewa aka yi ya koma ya shafa wa Hazayel da Yehu mai su zama sarakuna, ya ɗauki Elisha ya gaje shi.

Saboda haka ka leƙa unguwannin da ke kusa da ku, ka tambaya. Zai yi wuya a rasa masu taruwa a wani ɗaki suna addu'a ba ka sani ba.

Ka gaida uwargida da yara. Mama tana tambaya ko za ku zo Kirsimeti, ka faɗa mini da wuri a gyara muku ɗaki.

Naka,
abokinka