A Rarraba Taron Duba Lafiya, Kada A Soke Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan taron duba lafiya kyauta da ƙungiyoyin sa-kai kan shirya wa jama'ar da asibiti ya yi wa nisa ko ya fi ƙarfin aljihunsu. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma ina cikin masu shirya irin wannan taro. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da nau'in korona na Omicron a ranar 26 ga Nuwamba 2021, sai maganar da muka sha ji a 2020 ta dawo: a dakatar da komai sai annoba ta wuce. Masu faɗin haka a lokacin tsoron tara jama'a suke yi, kuma tsoron nasu yana kan hanya. Hukuncin da suka yanke ne ban yarda da shi ba.

Ranka ya daɗe, hawan jini da ƙyanda da tarin fuka ba su san ana annoba ba. A watan Yulin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce yara miliyan 23 ne ba su samu alluran rigakafi na yau da kullum ba a 2020, wato ƙarin miliyan 3.7 a kan shekarar da ta gabace ta. Tarin fuka ya kashe kimanin mutum miliyan 1.5 a 2020, karo na farko cikin fiye da shekara 10 da adadin ya hau maimakon ya sauka. Zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke rayuka 627,000, kuma hukumar ta danganta kusan 47,000 daga ciki da katsewar gwaji da magani da rabon gidan sauro. Ba kuma a lokacin korona aka fara ganin haka ba. A 2019, hankalin duniya yana kan Ebola a gabashin Kongo, ƙyanda ta kashe fiye da mutum 6,000 a ƙasar, yawancinsu ƙananan yara, ninki biyu da ɗoriya na waɗanda Ebolar ta kashe. Mai hali yana da likitan da zai buga wa waya. Wanda ba shi da kowa, wannan taron na yini ɗaya shi ne ganinsa da ma'aikacin lafiya a shekara, idan an soke masa an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya kamata a binne shi ne tsohon salon taron: babbar rumfa, lasifika, manyan baƙi a kujerun gaba, jawabi har rana ta take, sannan a saki ɗaruruwan mutane su yi dafifi a kan tebur guda. Ko babu annoba wannan wulaƙanci ne ga marar lafiya. Mu dai raba namu muka yi. Aikin da ake yi a yini ɗaya muka shimfiɗa shi a kan kwanaki, tun jajibiri 'yan sa-kai na unguwar suka bi gida-gida da katin da aka rubuta wa kowa lokacin zuwansa. A fili muka zauna, ƙarƙashin inuwa, domin cutar ta fi yaɗuwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Hanyar shiga daban, ta fita daban, tsakanin kujera da kujera aƙalla mita 1, takunkumi a bakin ƙofa ga wanda bai zo da shi ba, ga bokiti mai famfo da sabulu. Duk wannan bai fi ƙarfin ƙaramar ƙungiya ba.

Na'urar auna zafin jiki da ake nuna wa goshi kuwa, a ganina ta fi kwantar da hankalin masu shiri a kan kare jama'a. Mutane da yawa suna ɗauke da korona ba tare da zazzaɓi ba, wasu kuma tafiya cikin rana ce ta ɗumama musu goshi. Tambaya ta fi ta amfani: kana tari? Tun yaushe? Kana jin ƙamshi da ɗanɗano? Akwai marar lafiya a gida? A nan ne kuma na fi samun saɓani da abokan aiki. Wasu sukan ce duk mai tari a mayar da shi gida. To gida wajen wa? Tarin da ya kai mako 2 alamar tarin fuka ce tun kafin a san korona, kuma mai shi ne ya fi kowa buƙatar mu. Rumfa ta daban ake ware masa can gefe, ma'aikaci ɗaya mai cikakkiyar kariya ya zauna da shi, a karɓi kakinsa a mazubi a aika ɗakin gwaji, in akwai abin gwajin korona na gaggawa a yi masa. Wanda aka kora a gaban maƙwabtansa ba zai sake kawo kansa ba, kuma gobe ɓoye tarin zai yi.

Teburin awon jini shi ne wurin zamana. Mutum ya zauna ya huta minti 5, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ba hira. A goge abin ɗaurawa kafin da bayan kowa, a auna sau biyu. Wani dattijo ya rako matarsa, yana tsaye yana riƙe mata jaka, na ce masa, "Baba, tunda ka zo kawo hannun mana." Ya yi dariya ya ce shi ko ciwon kai ba ya yi. Na'ura ta nuna 180 bisa 110, na sake bayan ya huta, ba ta sauka ba. Alhali daga 140 bisa 90 ake fara maganar hawan jini. Irinsa ba kaɗan ba ne, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta nuna kusan kashi 46 cikin 100 na manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Kuma masu hawan jini da ciwon suga suna cikin waɗanda korona ta fi kwantarwa, don haka gano su yaƙi ne da annobar ita kanta.

A wajen yara, maimakon ma'aikaci ya riƙa taɓa hannun yaro bayan yaro, uwa muke miƙa wa ɗan tef ɗin nan mai launi uku mu nuna mata yadda za ta zagaya shi a tsakiyar damtsen ɗanta. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, ba a jira. Tef ɗin nata ne, ta tafi da shi gida. Alluran yara suna cikin akwatin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma a bakin teburin ake duba katin kowane yaro a cike masa abin da kullen korona ya sa ya rasa. Allurar korona kuwa a can ƙarshe muka sa teburinta, ba mu mayar da ita sharaɗin shiga ba. Inda jita-jita ta riga ka isa, in ka sa allura a bakin ƙofa uwa za ta juya da ɗanta, ka rasa ta korona ka rasa ta ƙyanda. Wanda aka duba shi cikin mutunci, aka amsa masa tambayoyinsa, sau da yawa da ƙafarsa yake ƙarasawa teburin.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Gano ciwo ba magani ba ne. Ka gaya wa mutum jininsa ya hau, ka ba shi ƙwayoyin wata ɗaya, ka naɗe rumfa ka tafi, me ka yi masa? Maganin hawan jini ba a shan sa a daina, kuma a lokacin annoba asibitoci da yawa sun rage karɓar masu zuwa su koma gida, wasu ma'aikatan an kwashe su zuwa cibiyoyin killacewa. Saboda haka kafin a kafa rumfa ko ɗaya, sai an je asibitin da ya fi kusa an zauna da shugabansa, an yi yarjejeniya a kan ranar da za su karɓi mutanenmu da sunan ma'aikacin da za a nema. Kowane wanda aka tura ya tafi da takarda mai ɗauke da sakamakonsa, sunansa ya shiga rajista, a haɗa shi da ɗan sa-kai na unguwarsu wanda zai leƙa shi bayan mako guda ya ji ko ya je. In bai je ba a tambayi dalili. Yawanci kuɗin mota ne, ko tsoron kada a ce yana da korona a tsare shi. Dattijon nan sai da ɗan sa-kai ya raka shi da kansa.

Wata ƙungiya da ta taɓa ba mu tallafi ta aiko da takardar rahoto, abin da take tambaya shi ne mutum nawa suka halarta, tare da hotuna masu nuna cikar wuri. Cikar wuri, a tsakiyar annoba! Babu layi ko ɗaya da ke tambayar mutum nawa aka tura asibiti, nawa suka isa, nawa suke kan magani bayan wata 3. Muddin masu ba da kuɗi kan mutane suke ƙirgawa, masu shiri za su ci gaba da tara musu kawuna.

Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne su fitar da ƙa'idoji a rubuce: adadin mutanen da za su zauna a lokaci guda, kayan kariyar da dole a tanada, da asibitin da za a tura marasa lafiya. Wanda ya cika a ba shi izini, wanda bai cika ba a hana shi. Kai kuma, ranka ya daɗe, in an gayyaci wakilinka ranar taro, ka sa ya karɓi sunan asibitin da aka yi yarjejeniya da shi, ya koma can bayan mako 2 ya tambaya mutum nawa suka zo da takardarmu.

Na gode.

Taka,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya