A Duba Abin Da Ke Ƙarƙashin Baƙin Salatif A Injin Mota

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu motoci, direbobi da masu gyaran wayarin a kan wani al'amari da ake rainawa, wato yadda ake haɗa wayoyin wuta da naɗe su a ƙarƙashin bonet.

Duk wanda ya saba zuwa gareji ya san yadda aikin yake tafiya. Fitila ta ƙi kamawa ko hon ya ɗauke, sai mai wayarin ya fere waya da reza, wani lokaci ma da haƙori, ya murɗa ta da wata, ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif, abu ya kama, a sallame shi, kowa ya kama gabansa. Idan aka buɗe bonet ɗin bayan 'yan watanni, za a tarar salatif ɗin ya saki yana reto, gam ɗinsa ya narke ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo, tagullar kuma ta fito fili ta yi kore. Abin da ya fi damuna shi ne, idan naɗin ya yi kyau a ido, mai mota yakan ɗauka cewa aikin ma ya yi kyau, alhali naɗi yakan rufe aikin ƙwarai ya kuma rufe aikin ha'inci ba tare da bambanci ba.

Ya kamata a fara da sanin irin wurin da waɗannan wayoyi suke zaune. Ruwan lagireto na injin da ke aiki daidai yakan kai wajen digiri 90 zuwa 100, bututun da ke kwashe hayaƙi daga jikin injin kuwa yakan kai ɗaruruwan digiri, ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Baƙin salatif na roba da ake saye a shagon kayan wutar gida ba don irin wannan wuri aka yi shi ba, galibinsa ba ya jure abin da ya wuce digiri 80. Kamfanonin ƙera motoci suna amfani da salatif na yadi wanda aka yi musamman domin gefen injin, mai jure zafi har zuwa digiri 150, sannan su zura wayoyin a cikin bututun roba mai zobba-zobba wanda aka tsaga ta gefe, domin ya kare su daga goga. Akwai kuma siririyar robar nan da ake zura wa mahaɗa, wadda take tsukewa ta kama waya gam idan aka kara mata zafi. Waɗannan kaya ba su da tsadar da za ta gagari wanda ya iya sayen mota, kuma idan masu motoci suka riƙa nemansu, 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna ba za su bari su yanke ba.

Mutane suna raina wutar mota ne saboda bolt 12 ba ya jan mutum idan ya taɓa. Amma batirin da ke iya juya injin da sassafe yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kuma ƙarfen jikin motar gaba ɗayansa a haɗe yake da ɓangaren nagatif na batirin. Saboda haka duk wayar wuta da ta goge ta taɓa ƙarfe, to ta yi shoti ke nan, cikin daƙiƙu kaɗan za ta yi ja-wur, robarta ta kama, ga tiyon fetur a kusa. Abin da aka tanada domin hana wannan shi ne fiyus, kuma an bambanta su da launi don kada a yi kuskure: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan fiyus ya ƙone, yana sanar da cewa akwai matsala a layin ne. Wanda ya cire ja ya sa kore, ko ya cusa silin waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbinsa, ya mayar da wayar motar kanta ta zama fiyus, ita ce za ta ƙone a karo na gaba. Haka nan ƙarin fitilu, manyan hon, lasifika da na'urar bin sawun mota da ake jawo musu wuta kai tsaye daga kan batir, wajibi ne kowane layi ya samu fiyus ɗinsa dab da batirin, domin tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da wata kariya.

Mahaɗar da aka murɗa da hannu kawai ba ta daɗewa a wurin da ke girgiza dare da rana. Ko dai a matse ta da ɗan ƙarfen haɗi da filayar da aka yi don haka, kamar yadda kamfanoni suke yi, ko a yi mata dalma kaɗan a kuma ɗaure ta yadda ba za ta riƙa lanƙwasa ba. Idan wayoyi da yawa aka yanke a damin guda, kada a jera mahaɗunsu wuri ɗaya, a saɓa su, wannan gaba wannan baya, domin ko rufin ɗaya ya buɗe kada ta taɓa 'yar'uwarta. A kuma lura da kaurin wayar da aka ƙara da ingancinta, domin akwai mai araha wadda alminiyam ce aka shafa wa tagulla, da an kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana.

Hanyar da waya ta bi ma tana da muhimmanci kamar naɗinta. Sau da yawa bakanike yakan sauke injin ya mayar, ya bar ƙananan maɗauran roba a karye, damin wayoyi ya kwanta a kan bututun hayaƙi ko ya kusanci fanbel. A mayar da kowane maɗauri gurbinsa, a tabbatar da zoben robar da ke bakin ramin da wayoyi ke ratsawa zuwa cikin mota yana nan, domin bakin ƙarfen yana yanka a hankali, kuma a bar ɗan sassauci tsakanin injin da jikin mota tunda injin yana motsi a kan kujerunsa. Kafin a taɓa komai kuwa, a fara cire kan batir na nagatif.

Motocin yanzu sun ƙara wa lamarin nauyi. Tun daga 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin gano matsala da kwamfuta, kuma da yawa daga cikin motocin da ke shigo mana daga can suke. Sensa, wato ƙananan na'urorin da ke kai wa kwamfutar motar bayani, da yawansu suna aiki ne da bolt 5 kacal, ƙaramar tsatsa a mahaɗa ta isa ta sa kwamfutar motar ta karanta ƙarya, sai a ɗora wa birenbos, wato ita kwamfutar, laifi a sayi wani da kuɗi mai yawa, alhali ciwon yana cikin wata mahaɗa da aka binne a salatif. Wayoyin da aka tufka biyu-biyu an yi su haka ne da gangan domin kare saƙon da suke ɗauka, kada a warware su, masu soket rawaya kuma na jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari ne, ba na gwaji da kwan fitila ba ne. Akwai kuma inda naɗi ba ya magani sam. Masu tsofaffin Marsandi na farkon shekarun 1990 sun san yadda rufin wayoyin injinsu yake marmashewa ya zube kamar busasshen ganye, irin wannan sai dai a sauya damin gaba ɗaya.

Abin da ya sa na ga lokacin maganar ya yi shi ne, tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane suke ta mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG, kuma wannan aiki ya ƙunshi shiga cikin wayoyin injekta da jawo sababbin layuka a gefen injin. Ina kira ga hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar ƙera motoci da ƙungiyar makanikai ta NATA da su sanya haɗa waya da naɗe ta cikin horon da suke bayarwa, jami'an duba lafiyar motoci kuma su riƙa leƙa ƙarƙashin bonet, kada su tsaya ga takardu da taya kaɗai.

Ban ɗora laifin duka a kan masu wayarin ba, domin a cikinsu akwai gwanaye masu tsoron Allah, kuma sau da yawa mai mota ne yake tsaye a kansu yana cewa sauri yake yi, ya kuma taya aikin awa uku da kuɗin aikin minti goma. Shawarata ga mai mota ita ce ya sayo kayan da suka dace, ya ba mai gyara lokaci da haƙƙinsa cikakke, sannan ya nemi a nuna masa kowace mahaɗa da kowane fiyus kafin a naɗe.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna